Yadda Aka Ja Ni da Igiyar Tukunya Zuwa Ashaiman

Bari in hutar da mai karatu tun daga farko: in yana neman wawan da ke cikin labarin nan, kada ya wahala, ni ne. Na faɗa da bakina ne don na san ko na ɓoye akwai mutum uku a unguwarmu Nima da za su tona, kuma ɗaya daga cikinsu ita ke dafa mini abinci.

A shekarun da gwamnati ta buɗe ƙofa kayan waje suka fara kwararowa, wato bayan yunwar nan da ta sa muka yi ta bin layin sabulu da sukari, ni ne masanin cinikin duniya na unguwarmu. Ba wanda ya naɗa ni. Na duba hagu na duba dama ban ga mai riƙe da muƙamin ba, sai na ɗauka. Kuma ina da hujja. Na yi makaranta har aji biyu na midil, sannan na yi shekara tara ina masinja a wani kantin Turawan Ingila mai sayar da kayan mota a cikin gari, kafin su naɗe tabarmarsu su koma gida. Wanda ya share teburin Bature shekara tara, ko ƙura ya shaƙa ai ta ilimi ce.

Sauran karatuna a wurin mai koko na yi shi. Kullum da safe takan naɗe mini ƙosai a tsohuwar jarida, in cinye ƙosan, in shimfiɗa takardar a gwiwa in karanta. Aibinta ɗaya, ba ta taɓa ba ni shafi cikakke ba. Sai in karanta cewa manyan ƙasashe sun zauna a kan harajin motoci sun yanke shawarar cewa, daga nan sai yagewa, ko kuma mai ya cinye sauran. To abin da suka yanke ɗin ni nake ƙarasa musu. Kafin hantsi na kai shi majalisarmu da ke kan benci a ƙofar shagon tela, inda ake kirana Minista. Na daɗe kafin in gane ba don girmamawa ba ne.

Babban abokin gabana a duniya shi ne Japan. Ban taɓa ganin ɗan Japan ido da ido ba, amma na gane dabararsu sarai. Rediyon mahaifina sai mutum biyu ke ɗaga shi, ya yi shekara ashirin a wuri ɗaya ba ɓarawon da ya yi sha'awarsa. Kamfanonin Japan suka zo suka ƙanƙance rediyo har ya shiga aljihu. Don me? Don ka sunkuya alwala ya faɗa kwata ka sayi wani. Suka kawo agogon da ba a murɗa shi da safe, suka raba mutum da agogonsa, ba gaisuwa ba komai. Suka kawo ɗan akwatin lissafi, yanzu ɗan kasuwa ba ya iya haɗa bakwai da takwas sai ya tambayi batir.

Amma babban binciken da na yi, wanda har yau ba a ba ni lambar yabo a kansa ba, shi ne na gwangwani. Muna noma kokon cakulan mu aika musu a buhu. Su zuba shi a gwangwani su dawo mana da shi mu saya. Mu sha mu yar da gwangwanin. Masu tsintar ƙarfe su tara, a loda a jirgi a Tema, a kai Japan. Can su buge shi ya miƙe, su shafa fenti, su sa masa taya huɗu, su sake sayar mana a matsayin mota. Ka ga ke nan abu ɗaya mun saya sau biyu, kuma da namu aka fara. Har wasiƙa na rubuta a kan wannan, na sa a bayan ambulan: Zuwa ga Babban Mai Ƙera Motoci, Japan. Ba a ba ni amsa ba. Na gaya wa majalisa cewa shiru ma amsa ce, tsoro ya kama su.

Sauran ƙasashe ban tsananta musu ba. Motar Jamus tana da kyau, amma ta mutanen da ba sa gaisuwa ce. Ta Faransa doguwar ƙafa gare ta, ta dace da masu safarar atamfa daga Lome. Mota dai ta Ingila. In ka ce tana ɗigar da baƙin mai duk inda ta kwana, in ce maka ai shaida ce cewa akwai mai a cikinta. Kuma ina da wata ƙa'ida da nake maimaitawa har yaran layi suka haddace: mota inji ce, sauran duk riga ce.

Ƙanin matata bakanike ne, garejinsa na wajen Kokomlemle, mutum mai shekara arba'in da ƙaton ciki da bakin tsiya. Wata rana ya sayo wata ƙaramar bas ta Japan, ta hannu, ya zo ya tsayar da ita daidai gaban bencinmu don neman magana. Na tashi na zagaya ta, na ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa, na kasa kunne.

Na ce, "Wannan ta madara ce ko ta tumatir?"

Ya ce, "Minista, ka yi ta yi. Wata rana da ƙafarka za ka shigo, har ka roƙi gaban mota."

Na ce, "Ni? Jama'a ku shaida. Ranar da kuka gan ni zaune cikin motar Japan, ku cire mini hula a bainar jama'a."

Majalisa ta ɗauki sowa. Dalili kuwa, tun zamanin da ake tuƙi ta hannun hagu a ƙasar nan ba wanda ya ga tsakiyar kaina. Akwai sanƙo a wurin, irin wanda in rana ta doka yake ramawa.

Wannan magana ta ci mini takalma. Sannu a hankali duk trotro, wato motocin haya, suka koma na Japan. Sai in taka da ƙafa daga Kokomlemle har gida, ko in jira tsohuwar motar katako mai kwaso albasa daga kasuwar Agbogbloshie in ɗare bisa buhu. In na shigo gida matata ba ta tambayar inda na fito, hanci take toshewa.

Mai cetona ɗaya ne, wani abokina Bazabarme. Ni kakana Bagobiri ne, saboda haka zagi halal ne tsakaninmu. Yana da wata baƙar mota ta Ingila da ta girmi 'yancin ƙasa, wadda kullum yake ajiye ta a kan gangara, hancinta na kallon babbar kwata, domin ba ta tashi sai an tura. Akwai lokacin da ta kwanta ciwo, ta yi wata guda a garejin ƙanin matata. Da ta dawo sai na ji muryarta ta washe, ba tari ba kakari. Na tara mutane na ce su saurara. Na ce, "Kun ji ƙarfen Ingila? Yana tsufa yana ƙara lafiya." Bazabarme ya dubi ƙasa yana sosa ƙeya. Na ɗauka kunyar yabo ce.

To ga inda wasa ya ƙare. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu ya bar 'ya mace guda, tana zaune da uwarta a Ashaiman. Yana kwance a asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "In lokacin aurenta ya zo, kai za ka bayar da ita, ba wani ba." Na san wa yake nufi da wani. Ƙaninmu ne, wanda tun da ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya yake ganin ya girme mu duka. Na yi wa yayana alkawari, kuma wannan alkawarin ba irin na benci ba ne.

Shekara uku bayan waccan jinyar mota, yarinya ta sami miji, aka sa ɗaurin aure ranar Lahadi ƙarfe goma na safe. Limaminsu kuwa an san shi, ran Lahadi aure huɗu ko biyar yake ɗaurawa, ba ya jiran kowa. In waliyyi bai zo ba, sai ya waiga ya ce wa ke bi masa.

Matan dangi suka shirya tafiya a bas ɗin ƙanin matata, su goma sha, duk sun ɗinka yayi, wato atamfa iri ɗaya, fara mai furanni. Aka ɗaure manyan tukwanen girkin biki guda biyu a saman motar. Matata ta ce, "Malam, don Allah yau ɗaya ka ajiye Japan ɗin nan ka shigo mu tafi. Ba wanda zai taɓa maka hula ranar auren marainiya."

Na ce, "Ai ranar gwaji ake gane mai aƙida."

Ta ce, "Allah ya ba aƙida taya."

Na sa farar babbar rigata, na shafa turare, muka tura motar Bazabarme ta gangara ta tashi. Mun riga su fita da kusan rabin awa. Muka hau babbar hanyar Tema, iska na kaɗa ni, ina yi wa Bazabarme bayanin yadda za a gyara cinikin duniya in an ba ni wata shida. Mun yi kamar rabin hanya sai muka ji ƙwaram a ƙarƙashinmu, sai ƙarar ƙarfe yana jan kwalta. Mota ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Abin mamaki, inji na ta kukansa lafiya lau, Bazabarme na taka totur, amma ko motsi.

Muka fito. Can baya ga wani dogon ƙarfe kwance a titi. Na je na ɗauko shi da hannu biyu, nauyi kamar taɓarya uku.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Shaf ne. Shi ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya. Kai da ka yi shekara tara a kantin kayan mota?"

Na ce, "Ni ɓangaren takardu nake."

Na tambayi wani mai wucewa a keke lokaci, ya duba agogonsa na Japan ya ce tara da kwata. Duk motar da ta wuce sai in leƙa hancinta, Japan, Japan, Japan, kamar an yi musu gayya. Na tuna hannun yayana a cikin nawa. Na kuma tuna haƙorin ƙaninmu yana walƙiya a sahun gaba.

Ana haka sai ga bas ɗin mata. Ƙanin matata ya tsaya, ya leƙo da kai, ya dube ni riƙe da ƙarfe, ya dubi motar, bai yi dariya ba. Wannan rashin dariyar ya fi dariya ciwo.

Ya ce, "Minista, ga gaban mota na share maka."

Matata ta ce, "Malam, shigo. Lokaci."

Wallahi ƙafata ta dama ta ɗaga da kanta. Sai na hango matar tela a kujerar baya ta zuba mini ido, ita kuwa in ta ga abu da safe, kafin azahar har unguwar Maamobi ta ji. Na mayar da ƙafar. Nan ilimin midil ya yi mini rana.

Na ce, "Me na ce a majalisa? Cewa na yi in an gan ni zaune a ciki. Ban ce komai a kan a ja ni ba."

Matata ta ce, "A ja ka da me?"

Duk muka ɗaga kai muka dubi igiyar da ta ɗaure tukwane.

Ba zan maimaita abin da matan nan suka faɗa ba, littafin nan yara ma za su iya karantawa. Aka kwance igiya, aka sauko da tukwane. Ba wurin ajiye su sai kan cinya. Tukwanen biki kuwa kowa ya san gindinsu, baƙi ƙirin da tsohon hayaƙi. Ɗaya ta hau cinyar matata da ta kusa da ita, a kan sabuwar farar atamfa. Ta dube ni ta tagar mota, ba ta ce uffan ba. Shekara talatin muna tare, na san wannan shirun ajiya ce.

Aka ɗaura mu a bayan bas. Bazabarme ya riƙe sitiyari, ni na zauna gefensa na rungume shaf, don na ce ƙarfen Ingila ba zai kwana a titi ba. Muka kama hanya. Birkin motarmu sai an taka sau uku yake tunawa da aikinsa, saboda haka duk lokacin da bas ta rage gudu sai mu je mu sumbace ta ta baya, tukwane su yi ƙara, mata su yi salati. Igiya ta tsinke sau biyu, kowane ɗauri yana ƙara matso da mu, har na zama ina iya karanta ƙeyar matata. Da muka shiga Ashaiman masu talla suka bar tirensu suna kallo. Ni kuwa na gyara zama, na ɗaga hannu ina amsa gaisuwar da ba a yi mini ba.

Muna tsayawa na ji muryar liman daga rumfa: "Ina waliyyin amarya?" Na hangi ƙaninmu ya riga ya gyara riga ya matsa gaba, har ya buɗe baki haƙori ya fito. Na yi tsalle daga mota na kwarara ihu, "Ga shi nan!" Na ratsa sahu da gudu, sai da na durƙusa gaban liman na lura ashe shaf na hannuna, gaban rigata kuma ya zama taswirar baƙin mai.

Liman ya dubi ƙarfen ya ce, "Malam, aure za mu ɗaura, ba faɗa ba."

Na ajiye shi a gefe. Aka nema, na bayar, aka shafa fatiha, aka raba goro. A nan dai ban yi wauta ba. Da na shafa addu'a sai da na ɓoye fuska cikin hannun riga na ɗan lokaci, don na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Da na tashi na tafi gida a lokacin, da labarin ya ƙare da mutuncina.

Amma an kawo shinkafa da nama, ciki ya ɗauka, baki ya buɗe. Mutane suka taru wajen motocin suna tambayar yadda aka yi. Na miƙe na yi musu jawabi. Na ce su shaida ban zauna cikin motar Japan ba. Na ce abin da suka gani yau shi ne daidai tsarin duniya: Japan a gaba tana aikin jaki, Ingila a baya tana hutawa. Na ce ko da muka tsaya injinmu bai yi tari ko sau ɗaya ba. Daga nan sai na yi abin da ya kashe ni. Na ce wa ƙanin matata, "Kai bakanike, buɗe musu su ga abin da ake kira inji."

Bazabarme ya ce, "Bagobiri, bar shi mana, ya yi zafi."

Na ce, "A buɗe."

Aka buɗe. Na sunkuya ina nuni da yatsa, sai yatsan ya tsaya a kan wani rubutu a jikin injin, irin mai kama da tsakin kaji a kan rairayi. Na san rubutun. Shi ne a bayan kowane rediyon da na taɓa zagi.

Ƙanin matata ya ce, "Da hannuna na sa shi, shekara uku ke nan. Na Ingilan ya mutu murus, yanzu haka wani mai kwale-kwale ke ɗaure jirginsa da shi a bakin teku."

Na juya ga Bazabarme. Ya ce, "Na so in gaya maka. To ranar ka tara mutane kana yabo, ina zan sa baki?"

Na yi ta maza na ce, "To ai ga shi nan! Shi ya sa ta lalace a hanya!"

Ƙanin matata ya ce, "A'a, Minista, inji lafiyarsa ƙalau, kai ma yanzu ka gama shaida. Tayoyi na Koriya ne. Batir, in akwai, na China ne. Ƙasan motar mai waldan Maamobi ne ya yi shi da tsohon duro. Abu ɗaya tak ya rage na Ingila mai aiki a motar nan." Ya nuna shaf da ke jingine a bango. "Shi ne ya faɗi."

Wani daga cikin 'yan majalisarmu da suka zo biki ya ɗaga murya, da irin muryata, ya ce, "Mota inji ce!" Sauran suka amsa baki ɗaya, "Sauran duk riga ce!"

Ƙanin matata ya goge hannu a wando, ya matso. Ya ce, "Shekara uku kana zaune cikin motar Japan, har kana gaban mota. Yaya, kawo hular."

Na dafe ta da hannu biyu. Na fara bayani cewa a dokar cinikin ƙasa da ƙasa, wadda na karanta rabinta, ana duba asalin mota ne daga takardar haihuwarta, kuma ba a hukunta mutum a kan abin da aka ɓoye masa, kuma ma in aka bi diddigi ƙarfen da Japan ke aiki da shi gwangwaninmu ne, ke nan injin ɗan Nima ne. Ina cikin wannan sai matata ta ratso taron, ludayi a hannu, gaban atamfarta da baƙin zagaye kamar an buga mata hatimi. Ta dubi ƙaninta ta ce ya dakata. Raina ya yi sanyi, na ce a zuci mace ta gari dai ba ta bari a tozarta mijinta.

Ta ce, "Ku bar masa hularsa, kada ku buɗe. Ita motar da aka buɗe ai an tarar da inji a ciki."